Kaset na Goma Sha Tara

Ni ɗan fari ne, Inna kuwa Bafulatana ce, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana nemana sai ta ce da ƙannena, "Ku kira min wancan." In ta zuba min tuwo sai ta ajiye kwano ta kau da kai, kamar ba ita ta tsame min tsoka mafi girma ba. Kunya ce irin tasu, kowa ya san da ita a unguwarmu ta Ƙofar Na'isa. Ni ma na sani, amma abin yana damuna, ban kuwa taɓa gaya wa kowa ba.

A zamanin soja na yi shekara shida ina aiki a Legas. Inna ba ta rubutun boko, waya kuwa a lokacin sai gidan wane da wane. Ƙaninta, Kawu, wanda ke fataucin shanu, shi ya samo dabara. Ya sayi rikoda. Duk bayan 'yan watanni sai ya taso daga gidansa na Ƙofar Ruwa, ya ajiye rikodar a kan tabarmar Inna, ya danna, ya ce, "Adda, yi magana." Kaset ya biyo motar shanu, ni kuma in je kara, kasuwar shanu, in karɓa a hannun direba, a ƙunshe cikin leda, yana ta warin garke.

Ko a kaset ɗin ba da ni take magana ba. Takan fara da "A gaya wa na Legas," sannan ta shiga labari: gero ya yi tsada, maƙwabciya ta haihu, soron baya yana yoyo, akuya ta cinye sabulu. Haka na tara kaset ashirin da uku. A ƙarshen na goma sha tara akwai wani abu. Kawu ya dawo daga Legas ke nan, ya gan ni, Inna kuma ta zaci an kashe rikoda. Sai ta sassauta murya, ta faɗi sunana sak, ta ce, "Da gaske ya rame?" Kawu ya ce, "Adda, abin fa yana ɗauka." Aka ji ƙarar dannawa, shi ke nan. Wannan ne kaɗai karon da na ji ta kira ni.

Na dawo Kano a shekarar da sojoji suka koma bariki. Inna ta rasu a daminar da ta biyo baya.

A lokacin ofisoshi sun shiga canza kaya, ana ta gwanjon tsofaffin kwamfutoci. Na sayi wata ƙatuwa mai nauyin tsiya, na sa ta ƙarƙashin tebur a ɗan shagon da ke kusa da zaure, na ja waya ta cikin bango zuwa kwamfutar da muke aiki da ita a falo. Ba ta da aikin komai sai ajiya. A ofis saba ake ce wa irinta, amma maiɗakina ta raɗa mata suna rumbu, sunan kuwa ya bi ta. Ita malamar makaranta ce, tana zuba tambayoyin jarrabawarta a ciki, ni ina zuba takarduna da hotunan suna da na biki. Abin da ya sa na kafa rumbun dai shi ne kaset ɗin Inna, don na ga rikoda ta fara tauna su. Na yi sati uku ina juye su ɗaya bayan ɗaya, na ba kowanne lambarsa.

Abin da ke riƙe ajiya a cikin irin wannan na'ura shi ne faifai, wani ɗan akwatin ƙarfe da bai fi tafin hannu ba, da abu mai juyawa a cikinsa. Na san faifai yana mutuwa, don haka na sayi biyu, na zuba muryar Inna a kowanne, in ɗaya ya tafi ɗaya na nan. A wani shago na bayan badala na saye su, rana ɗaya, a hannun mutum ɗaya, cikin leda mai ƙyalli. Ya ce sababbi ne fil. Arahar da suka yi ta isa ta sa mai hankali ya tsaya, amma ni sai na ɗauka iya ciniki ne.

Kaset ɗin kansu na zuba a kwali na kai soron baya, wanda Inna ta yi shekaru tana cewa yana yoyo. Damina biyu ta wuce a kansu kafin in tuna. Da na buɗe kwalin, zaren ya manne ya yi fumfuna, ko ɗaya bai tashi ba. Na ji ba daɗi, amma na ce ai ina da biyu a rumbu.

Ni mutum ne mai son tsari, har ya kan yi yawa. Baba yana da wani tsohon littafi da yake rubuta ranar haihuwar kowannenmu a bangonsa, ni ma sai na yi wa faifaina haka. Na manna wa kowanne filasta na rubuta ranar da ya shigo gidan. Na sayi littafi mai bango ja, na ja layi da rula, duk Juma'ar farko ta wata in buɗe in rubuta: faifai na ɗaya, wata kaza, faifai na biyu, wata kaza, lafiya lau. Lafiya lau ɗin nan daga ina nake samo ta? Daga kara kunne a jikin rumbu in ji yana huci. Na yanke wa kaina cewa in sun cika shekara uku zan canza su, kuma ina ganin duk cikin birni babu mai kula da kayansa kamata.

Kawu kuwa ya mai da gidanmu wurin zuwa bayan masallacin Juma'a. Zai zauna a falo, maiɗakina ta kawo masa fura, ya ce, "Sa mana Adda." Ba ya son na goma sha tara, yana cewa kunyarta yake ji. Nasa shi ne na goma sha biyar, inda Inna ke ba da labarin ragon layya da ya tsinke ya bi matakala ya haye soro, Baba ya bi shi da babbar riga, rago ya sauko ya bar Baba a sama. Tana cikin labarin dariya ta ci ƙarfinta, ta yi ta yi har da tari, ana jin Kawu a gefe yana cewa, "Adda, kaset zai ƙare." Duk Juma'a sai ya ji wannan, duk Juma'a kuma sai ya yi dariya a daidai wurin da ya yi waccan satin, ya share ido da gefen rawani.

Wata Juma'a ya tarar da ni ina cika jan littafina. Ya leƙo ya ce mene ne. Na yi masa bayani da ɗan alfahari, na nuna masa layuka, na ce yau faifan nan watansu ashirin da shida.

Ya ce, "Watansu ashirin da shida da haihuwa, ko da zuwa hannunka?"

Na ce, "Ai duk ɗaya ne, Kawu. Sababbi na saya."

"Wa ya ce?"

"Mai shagon."

Ya ajiye ludayi ya dube ni. Ya ce, "Shekarata arba'in a kara, ban taɓa jin mai saniya ya ce tasa tsohuwa ce ba. Kowa tasa karsana ce. Ana buɗe baki a duba haƙori, ɗan nan. Shi wannan abin naka ba shi da haƙori?"

Na yi dariya na ce ƙarfe ne, Kawu. Bai yi dariya ba. Ya tambaya ko rana ɗaya na sayi biyun, na ce e. Ya girgiza kai ya ce mai hankali ba ya tara garke sa'annin juna, don rana ɗaya za su tsufar masa. Daga nan ya ce in sa masa Adda, ya ji ragonsa, ya tafi.

Raina ya ɗan ɓaci, ba zan ɓoye ba. Mutumin da ko rediyo sai an kamo masa tasha, shi zai koya min kwamfuta? Amma maganar ta ƙi barina. Ran Litinin na shiga ɗakin kwamfuta na ofishinmu, wurin wata Hajiya da ke kula da injinan, mace mai ƙarancin magana wadda kowa ke shakka. Na ba ta labari da sigar raha, ina jira ta taya ni dariyar Kawu.

Ta ce, "Malam, kawunka ya fi ka gaskiya. Yana da haƙori."

Ta yi min bayani cewa kowane faifai yana riƙe da tarihinsa a cikinsa. Yana ƙirga sa'o'in da ya yi yana juyawa tun daga masana'anta, yana ƙirga sau nawa aka kunna shi, yana kuma ƙirga wuraren da suka lalace a jikinsa ya daina ajiya a kansu. Mai shago zai iya goge ƙura ya sa leda mai ƙyalli, amma wannan ƙirgar tana nan. Ta ba ni wata 'yar manhaja a faifan sidi, ta nuna min layuka ukun da zan duba. Ta ce adadin wuraren da suka lalace shi ne abin tsoro: in rubuta shi yau, in sake dubawa gobe, in ya ƙaru to faifan yana kan hanya.

Da la'asar na dawo gida na duba. Na fara da faifai na ɗaya. Na ɗauki adadin sa'o'in na raba da ashirin da huɗu, na sake rabawa da kwanakin shekara, na ga abin da ban yarda da shi ba, na sake yi da biro. Ya haura shekara shida yana juyawa. Ni kuwa da yadda ake ɗauke mana wuta, ko rabin wata ashirin da shidan nan bai yi a kunne ba. Wato ya gama ƙuruciyarsa a wani ofis na wata ƙasa, ba dare ba rana, kafin a yi masa wanka a kawo min. Na biyun ma haka, sa'o'insu kusan ɗaya, da alama daga inji ɗaya aka ciro su.

Sai na buɗe ajiyar da ke kan na biyun, wadda ban taɓa buɗewa ba tun ranar da na zuba ta, don kullum daga na ɗaya muke ji. Sunayen suna nan reras, ɗaya zuwa ashirin da uku. Na danna na farko, inji ya yi ta tunani, ya ce ba zai iya karantawa ba. Na danna na biyar, haka. Na goma sha tara, haka. Allah kaɗai ya san watannin da ya yi a mace ina rubuta masa lafiya lau da jan biro.

Washegari na sake duba na ɗaya. Wuraren da suka lalace sun ƙaru da goma sha ɗaya a kwana guda.

Tsoro ya kama ni sosai. Na koma wurin Hajiya, ta ce in kashe rumbun nan take, kada in sake kunna shi sai sabon faifai yana hannuna, don duk juyin da ya yi yana rage masa kwana. Ta haɗa ni da wani mai kawo kaya daga Legas, ta ce in ya kawo in fara duba sa'o'insa a gabansa kafin in karɓa. Juma'ar nan da Kawu ya zo na ce masa inji ba shi da lafiya. Ya ce Allah ya sawwaƙe, ya sha furarsa, bai ce ai na gaya maka ba. Da ya faɗa ma da ya fi min sauƙi.

Sabon faifai ya iso ran Asabar da safe. Na duba shi, sa'o'insa ba su kai yatsun hannu ba. Na cika janareta da mai don kada a ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, na buɗe murfin rumbu, na juyo fanka tana hura masa iska. Na kunna. Tsohon faifan ya tashi, amma da wani ɗan sauti da ban saba ji ba, ƙas, ƙas, jefi-jefi.

Niyyata in zaɓi komai gaba ɗaya in ce ya juye, daga na ɗaya zuwa na ashirin da uku, bisa tsari, yadda nake yin komai. Maiɗakina tana tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu. Ta ce, "Malam, fara da wanda kake rufe ƙofa in za ka ji."

Ban san ta lura ba. Na nemo na goma sha tara na tura shi shi kaɗai. Abin da ya kamata ya ɗauki minti ɗaya ya ɗauki kusan rabin sa'a. Ya tafi, ya tsaya, faifai ya yi ƙas ƙas, ya sake tafiya. Ina zaune a ƙasa ina salati, gumi ya jiƙa min riga. Da ya kammala na buɗe shi daga sabon faifan, na ja zuwa ƙarshe, na ji ta: sunana, da gaske ya rame. Na kifa kai a gwiwa na yi kuka, maiɗakina ta ja ƙofa ta bar ni.

Da na natsu sai halina ya dawo. Na koma kan tsari, na fara daga na ɗaya. Na ɗaya ya wuce, na biyu ya wuce. Aka kira azahar ina kan na huɗu, na yi salla a nan gefen tebur. Na shida ya wuce da ƙyar. A tsakiyar na bakwai sautin ya canza, ya koma ƙas ƙas ƙas ba tsayawa, sannan ya yi shiru. Na kashe na kunna, na kashe na kunna. Ran Litinin na kai wa Hajiya, ta gwada duk dabarun da ta sani har kwana uku, ta dawo min da shi a ambulan ta ce, "Malam, sai haƙuri." Tambayoyin jarrabawar maiɗakina sun tafi, hotuna sun tafi, amma maiɗakin tawa ba ta ko ambace su ba. Cikin kaset ashirin da uku na tsira da bakwai.

Sai da Alhamis ta zo sannan na tuna da na goma sha biyar. Wallahi duk tsawon Asabar ɗin nan bai faɗo min a rai ba. Na ɗauki nawa, sannan na bi lamba kamar mai raba katin layi, alhali na san sarai wanne ne ake nema duk Juma'a a gidan nan. Da na tura shi na biyu da ya wuce, don faifan ya ba ni lokacin kaset shida. Wannan ba laifin mai shago ba ne, nawa ne.

Tun daga lokacin na canza yadda nake cika jan littafin. Na cire filastan ranar shigowa. Yanzu layi uku nake rubutawa ga kowane faifai: sa'o'in da ya yi, wuraren da suka lalace, da ranar da na buɗe ajiyar na saurara da kunnena. Ba na sayen biyu rana ɗaya, ba na sayensu a hannu ɗaya, kullum akwai babba akwai ƙarami. Kwafi na uku yana gidan ƙanwata a Kabuga. Faifai da dama sun mutu a hannuna tun daga nan, amma ban sake rasa komai ba. Ilimin ya zo, sai dai ya zama ihu bayan hari.

Washegarin waccan Alhamis ɗin dai, ran Juma'a, Kawu ya zo kamar kullum. Aka kawo fura, ya gyara zama, ya ce, "Inji ya warke?"

Na ce, "An sa sabo, Kawu."

"Madalla. Sa mana ragon nan."

Na gaya masa. Ban yi kwana-kwana ba, na faɗa masa yadda aka yi, da wanda na fara ɗauka, da yadda na bi lamba na manta da nasa. Na ce ya yafe min.

Ya dubi kwamfutar, ya dubi ƙwaryar fura. Sannan a hankali ya ce, "Allah ya jiƙan Adda," da irin muryar da ya faɗa ranar da muka dawo daga maƙabarta. Na ce amin, maiɗakina ta ce amin daga bayan labule.

Ya ce, "Amma naka ya fita?"

Na ce, "Ya fita."

"Duka? Har wurin?"

"Har wurin."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "To ka yi daidai. Ni shekara sittin ina jin dariyarta. Kai sau ɗaya ta kira ka."

Ya ɗauki ludayi ya juya furar, bai sha ba. Can ya ce in sa masa na goma sha tara ɗin, wanda bai taɓa yarda ya ji ba. Na sa. Muka zauna muka ji labarin tsadar gero da yoyon soro har ƙarshe. Da ta sassauta murya ta faɗi sunana, sai na ga leɓensa yana motsi, yana faɗa tare da ita.